Jirginka mai rimot ya ƙi jin magana? Ga inda za ka fara dubawa

Da wuya ka ga mutum ya kwaso tarkacen jirginsa daga ƙasa bai ce "siginal ce ta ɗauke" ba. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Amma in aka zauna aka bi abin a natse, sai a tarar rimot ɗin lafiyarsa ƙalau, wani ɗan ƙaramin abu ne ya jawo: ƙaho (ɗan tsinin da ke kan leɓen fiffike) da gam ya saki, batirin da ya zame baya, ko tasha (layin umarni ɗaya daga rimot) da aka juya aka manta. Rimot na yanzu mai aiki a kan 2.4GHz, wanda ya ture tsofaffin nan masu doguwar eriya na 35MHz da 72MHz tun daga tsakiyar shekarun 2000, ba ya cika yankewa haka siddan. Shi ya sa a nan sai can wajen ƙarshe za mu tuhume shi.

Jirgin da zan riƙa misali da shi shi ne wanda yawancinmu muka fara da shi: jirgin fom (kumfar roba marar nauyi) mai fiffike a sama, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, sarbo huɗu (ƙananan injinan da ke motsa leɓɓa) masu giram 9 irin SG90, ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moto) mai 30A, batirin LiPo mai ɗaki uku (ƙananan batura uku a haɗe), da rimot FlySky FS-i6. In naka wani iri ne, sunayen da ke kan allo za su bambanta, amma aikin ɗaya ne.

Leɓɓan da ke motsi a bayan fukafukai su ne eleron, su ke karkata jirgi dama da hagu. Leɓen da ke kwance a jela shi ne elebeta, ita ke ɗaga hanci ko ta dunƙufar da shi. Na tsaye a jela kuwa roda ce, tana juya hanci gefe. Kowane leɓe yana da ƙaho, wayar turi ta haɗa ƙahon da hannun sarbo, sarbo kuma yana karɓar umarni daga risiba, 'yar na'urar da ke cikin jirgi mai kama siginal ɗin rimot.

Kafin komai, cire farfela. Ko ɗan motsa sanda kawai za ka yi a kan tebur, cire ta. Wanda ya juya tashar totur bisa kuskure farfela na jiki, yatsunsa ne za su ba da labari. Sannan duk gyaran da za ka yi, yi ɗaya ka gwada, kana ka taɓa na biyu. In ka canza abu uku a tashi ɗaya jirgin ya gyaru, ba ka san wanne ne maganin ba, in ya ƙara lalacewa kuma ba ka san wanne za ka mayar ba.

Mataki na farko: me jirgin ya yi, kuma yaushe?

Tun kana filin, kafin ɓacin rai ya shafe abin daga kanka, tambayi kanka abu uku. Da wane gudu yake tafiya? Ina totur yake? Moto ya mutu ko ya ci gaba da kuka?

Jirgin da ya kife cikin daƙiƙa biyu ko uku bayan an jefa shi, zargi alkiblar eleron ko nauyin baya. Wanda yake lafiya a ƙaramin gudu amma ya ƙi ɗago hanci in ya yi kurme, zargi wayar turi. Wanda komai ya mutu na ɗan lokaci sannan ya dawo, musamman lokacin da kake jujjuya sanduna da ƙarfi, wuta ce ta gaza. Wanda ya rage gudu a kwana, kusa da ƙasa, fiffike ɗaya ya faɗi, ka ja sanda bai amsa ba, wannan ko kusa ba rimot ba ne, iska ce ta saki fiffiken. A nan ne aka fi ɗora wa siginal laifin da ba nata ba. Fiffike sai da gudu yake riƙe iska, leɓɓan ma haka. In gudu ya gaza kana ta jan elebeta, ƙara shaƙe shi kake yi. Maganin shi ne ka saki elebeta, hanci ya sauka, ka ƙara totur. Da tsakar ranar bazara iska ta fi sirara, jirgin da ke shawagi a hankali da sassafe zai nemi ƙarin gudu da azahar.

Mataki na biyu: alkibla

Kunna rimot tukuna, sannan ka jona batirin jirgi. Wajen kashewa jirgi ne farko, rimot ƙarshe. Tsaya a bayan jirgin, hancinsa na kallon inda kake kallo.

Tura sandar eleron dama: leɓen dama ya tashi sama, na hagu ya sauka. Ja sandar elebeta wajen cikinka: elebeta ta tashi sama. Tura roda dama: bakinta na baya ya tafi dama. Kada ka tsaya a kan "yana motsi". Faɗi da bakinka, "dama, na dama sama", ka kalla da idonka.

Ni abin da ya koya mini wannan, wata safiya na zaɓi ma'ajiyar saitin wani jirgin daban a cikin rimot ban lura ba. Na motsa sanduna, komai na motsi, na jefa. Ya ɗan karkata hagu, na ba shi dama, sai ya ƙara kwantawa hagu. Na ƙara, ya juya ciki sama ya soka hanci a kunyar gyaɗa. Ina tsugune ina tattara fom, wani yaro da ke kallo tun ɗazu ya ce, "Yaya, ai tun a ƙasa na ga in ka yi dama, na daman ƙasa yake yi. Na zaci haka ake yi." Ban ce masa komai ba, me zan ce?

In leɓe ya tafi baibai, shiga inda aka rubuta Reverse ka juya tasharsa. A FS-i6 sai ka danne maɓallin Cancel na ɗan lokaci kafin gyara ya zauna. In ka taɓa shi sau ɗaya ka fita, abin da ka yi ya tafi a banza, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin.

Duba jerin tashoshi ma. Rimot ɗin FlySky da na Futaba suna jera eleron a ta 1, elebeta ta 2, totur ta 3, roda ta 4. Spektrum kuwa totur ne a farko, sai eleron, elebeta, roda. Wanda ya kalli bidiyon mai Spektrum ya jona risibar FlySky a kan wannan jerin, sandar totur ce za ta riƙa motsa masa elebeta. Jirgi mai tasha uku wanda ba shi da eleron, ana sa rodarsa a tasha ta 1, don ta zo a sandar dama.

Akwai matsala ɗaya da Reverse ba ya magancewa. In sarbo biyu na eleron suna kan waya mai reshe biyu, kuma leɓɓan suna tashi tare suna sauka tare, to an dasa sarbo ɗaya ba a matsayin madubin ɗan'uwansa ba. Juya tasha zai juya su duka ne. Sai dai ka juya zaman sarbon, ko ka ba kowanne tasharsa ka haɗa su ta cikin rimot.

Mataki na uku: taɓa da hannu

Nan ne rabin matsalolin suke, kuma nan ne aka fi tsallakewa don ba shi da daɗin yi.

Da wuta a jiki, kama bakin elebeta da yatsu biyu ka ɗan girgiza. Bai kamata ta yi lilo ba. In tana motsi sarbo na tsaye, bi layin da ido ka ga inda wasan yake: ramin ƙaho ya buɗe, lanƙwasar waya ta yi wa ramin ƙanƙanta, ƙahon kansa yana rawa a cikin fom, ko sarbon ne gaba ɗaya ke motsi a gurbinsa. Gam ɗin kyandir yana da sauƙin aiki, amma jirgin da aka bari a cikin mota a rufe da rana, gam ɗin zai yi laushi, ƙaho ya karkace ya sake daskarewa a karkace. Ƙaho da gindin sarbo sun fi son gam mai haɗi biyu. Sufa gulu na kanti kuwa yana cinye wasu nau'in fom, gwada a kan guntu kafin ka ɗiga a jirgi.

Yanzu gwajin da na fi ba muhimmanci. Ja sandar elebeta har ƙarshe, ka sa yatsa ka danne leɓen kamar yadda iska za ta danne shi a sama. Kalli wayar turi. In ta yi baka ta lanƙwashe gefe, ka kama ɓarawon. A kan tebur babu iska, leɓe zai tashi cikakke. A sama kuwa, jirgi na kurme da gudu, iska ta fi ƙarfin siririyar waya, sarbo yana turawa amma turin yana ƙarewa a lanƙwasa. Abin ya fi muni in ƙahon elebeta a ƙasa yake, domin a wannan zaman ɗaga hanci turi ne, kuma waya ta fi jure ja fiye da turi. Zura wayar cikin bututu, ko da na cikin biro ne ko sandar alawa, ka like bututun a jikin jirgi wuri biyu ko uku. In tazarar gajeriya ce, sifok ɗin keke ya wadatar, sai dai yana da nauyi, kada ka kai shi jela ba tare da ka sake auna jirgin ba.

Cire wayar daga ƙaho, ka motsa leɓen shi kaɗai. Ya kamata ya yi sama da ƙasa ba gardama. Sabon jirgin fom hinjinsa, wato mahaɗar da leɓe ke lanƙwasawa a kai, yakan yi tauri, lanƙwasa shi sau ashirin ko talatin ya saki. Tsohon kuma yakan tsage daga gefe ba a gani, ja shi kaɗan ka duba, ka bi layin da salatif mai ƙarfi sama da ƙasa.

Leɓe mai wasa shi ke kawo karkarwar nan da ake ji kamar ƙugin zuma in jirgi ya ɗauki gudu. Da ka ji ta, rage totur nan take ka sauko. Daƙiƙa kaɗan take buƙata ta ɓalle leɓe ko ta karya haƙoran sarbo.

Mataki na huɗu: sarbo ne ko abin da ke bayansa?

Tura sanda a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana saurare. Ƙas-ƙas, ko tsalle a wani wuri, haƙoran giya ne suka karye. SG90 haƙoran roba gare shi, saukar hanci ɗaya ta isa ta cinye haƙori biyu, kuma zai ci gaba da motsi kamar lafiya har sai an ɗora masa nauyi. MG90S mai haƙoran ƙarfe ya fi jurewa, ni shi nake sa wa elebeta.

Sai gwajin komawa tsakiya. Tura dama ka saki, ka lura da inda leɓe ya tsaya. Tura hagu ka saki. In bai dawo wuri ɗaya ba, shi ya sa kullum kake gyara tirim, 'yan maɓallan rimot masu matsar da tsakiyar leɓe kaɗan-kaɗan, jirgin bai taɓa zama ba. Ko hinji ya yi tauri, ko akwai wasa, ko ɗan bolum ɗin da ke cikin sarbo, wanda yake gaya masa inda hannunsa yake, ya cinye. Sarbon da ke rawa shi kaɗai ba a taɓa sanda ba, yawanci bolum ɗin ne ko wuta. Wanda ke gurnani a ƙarshen tafiya kuwa ya kai bango ne yana ta turawa, rage masa iyaka a End points.

Don ka raba gardama, cire sarbon da kake zargi ka jona shi a tashar da ka san tana aiki. In matsalar ta bi shi, nasa ne. In ta tsaya a tsohuwar tashar, duba risiba ko rimot. A FS-i6 akwai shafin Display mai nuna layin kowace tasha. Motsa sanda a hankali, in layin yana tsalle to ƙura ta shiga bolum ɗin sandar rimot, abin da ba baƙo ba ne bayan hunturu. Ƙananan jiragen nan na tafin hannu masu sarbo a buɗe a kan allon wuta su ma ƙura ce babbar abokiyar gabarsu. Ɗigon sifirit da burushi mai laushi yakan dawo da su.

Kada ka manta da fulogi. Baƙar waya ko ruwan ƙasa ita ce nagatif, ja ita ce wuta kuma tana tsakiya, ruwan lemo ko fara ita ce siginal. In an juya fulogin ba abin da zai ƙone, sarbon ne kawai ba zai motsa ba. Girgiza kowace waya sarbo na aiki, musamman mahaɗar da ke shiga fiffike, wadda ake cirewa ana mayarwa kullum.

Mataki na biyar: wuta

Risiba da sarbo ba daga batir kai tsaye suke sha ba. A cikin ESC akwai wani ɓangare, BEC, da ke sauke wutar zuwa 5V. A ESC masu araha yawanci 2A aka rubuta, kuma irin wanda ke ƙone rarar wutar ne ta zama zafi. Yi lissafin da kanka: batir mai ɗaki uku in ya cika 12.6V ne, sarbo na son 5V, saura 7.6V. In sarbo suka ja 1A, wat 7.6 na zafi ke nan a kan abu kamar ƙwayar wake, a cikin fom da ba ya shan iska. Ƙaramin sarbo ɗaya in ya cije yana iya jan sama da rabin 1A. Huɗu su cije tare, BEC ya yi zafi ya yanke, ko wuta ta faɗi ƙasa da abin da risiba ke buƙata, ta mutu ta sake tashi. Wannan ɗan tsakanin shi ne "ɗaukewar siginal" da ake ta faɗa.

Gwajin ba wuya. Farfela a cire, jujjuya sanduna biyu tare da sauri na minti ɗaya, wani yana ɗan danne leɓɓan da yatsa. Kalli fitilar risiba. In ta ƙifta, ko ka ji ESC ya sake kukan da yake yi lokacin jona batir, wuta ce. Risiba FS-iA6B tana aiko da ƙarfin wutarta zuwa allon rimot, in ka ga yana gangarowa wajen 4V to akwai magana. Taɓa ESC ɗin ma, in ba ka iya riƙe shi ba ya yi yawa.

Fara da cire abin da ke sa sarbo cijewa. In bai isa ba, sa BEC na daban mai 3A ko sama, ka zare jar wayar da ke fitowa daga ESC zuwa risiba ka naɗe ta, don kada biyu su yi karo.

Batirin kansa: ɗaki ɗaya 4.2V ne a cike, 3.8V na ajiya. In moto ya fara yankewa yana dawowa a sama amma leɓɓa na aiki, ESC ne ke gaya maka batir ya kusa ƙarewa, sauko. Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Batura huɗu na cikin rimot su ma a duba su, abin kunya ne jirgi ya faɗi saboda su.

Totur da ya ƙi tashi, ESC na ta ƙara ba tsayawa, yawanci bai ga sandar a ƙasa ba ne. Duba ko an juya tasha ta 3, sannan ka koya masa iyaka: sanda a sama, jona batir, da ka ji ƙarar farko ka sauke ta ƙasa. Moto mai juyawa baibai, sauya kowace biyu cikin wayoyinsa uku. Farfela kuma rubutunta gaba yake kallo. In an juya ta za ta yi ihu sosai, turi kaɗan.

Mataki na shida: nauyi

Jirgin da komai nasa ke aiki daidai amma ya zama kamar doki marar linzami, ɗan taɓi kaɗan ya yi sama, ɗan saki ya yi ƙasa, hanci na ɗagawa fiffike na faɗuwa, wannan nauyinsa ya koma baya. Babu saitin rimot da zai gyara shi.

Wurin da jirgi ke daidaita, wanda ake rubutawa CG a takardarsa, in fiffiken miƙaƙƙe ne yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike, in an auna daga bakin gaba. Fiffike mai faɗin santimita 20, wurin na tsakanin santimita 5 da 6 da rabi. Yi alama da biro a ƙarƙashin kowane fiffike kusa da jiki, sa batir a ciki kamar za a tashi, ka ɗaga jirgin a kan yatsu biyu. Ya zauna a kwance ko hanci ya ɗan sunkuya. In jela ta faɗi, tura batir gaba. Sai in batir ya ƙure ne za ka ƙara nauyi a hanci. Mai nauyin gaba yana tashi, sai dai yana da taurin kai kuma yana sauka da gudu. Mai nauyin baya ba ya ba ka damar koyon komai, don haka sabon jirgi a fara shi daga alamar gaba.

Duk jirgin da aka yi wa gyara a sake auna shi. Jela tana da nisa daga fiffike, gam kaɗan a can sai an biya shi da ninkinsa a hanci. Kuma ɗaure batir da gaske. Wanda aka cusa kawai, da jirgi ya ɗaga hanci zai zame baya, jirgin da ya tashi lafiya ya haukace a sama, ka sauko ka tarar komai daidai domin faɗuwar ta mayar da batirin gaba.

In jirgin yana tashi, akwai gwajin da ya fi yatsu gaskiya. Hau sama sosai, daidaita tirim a rabin totur har ya tafi a miƙe, sannan ka dunƙufar da hanci kamar digiri 45 ka saki sanda. In ya ɗago da sauri, nauyin gaba ya yi yawa, domin tirim ɗin sama da ka ba shi don ya ɗauki hancin shi ne ke ƙara ƙarfi da gudu. In ya ɗago a hankali, daidai ke nan ga mai koyo. In ya ci gaba da kurme ko ya ƙara sokawa, nauyin baya ne, ja shi ka sauko.

Mataki na bakwai: yawan motsi, tirim da karkata

Sai nauyi ya zauna ake taɓa wannan. Mayar da duk tirim sifili, cire hannun sarbo, kunna, ka mayar da hannun ya yi kusurwa ta tsaye da wayar turi. Daidaita tsawon waya har leɓe ya yi layi ɗaya da fiffike. Ramukan ƙaho su zo daidai saman layin hinji.

Jirgi mai zafin amsa, rage shi da waya kafin rimot: matsar da ita ramin waje a ƙaho, ko ramin ciki a hannun sarbo. Haka sarbo ya fi samun ƙarfi. In babu takarda, ni nakan fara da kamar milimita 8 zuwa 10 sama da ƙasa a elebeta da eleron, in ƙara daga baya. Sai Expo, mai tausasa tsakiyar sanda, kashi 20 zuwa 30 ya isa. A kula, a Futaba lamba mai alamar ragi ce ke tausasawa, a Spektrum da rimot mai manhajar EdgeTX mai alamar ƙari ce. Kada ka haddace, kalli zanen da ke allo: tsakiyarsa ta kwanta.

Jirgin da kullum yake jan gefe ɗaya, tsaya a bayansa daga nesa ka rufe ido ɗaya ka kalli fukafukan. Fom da ya sha rana yakan murɗe. In karkatar na ƙaruwa da gudu, murɗewa ce ko leɓe bai daidaita ba. In da totur take zuwa, moto ne: farfela tana juyawa dama, jiki yana son juyawa hagu, shi ya sa ake karkata moto dama da ƙasa kamar digiri 2 zuwa 3. Washa ɗaya (ɗan zoben ƙarfe mai rami) a bayan sukurorin hagu na moto yana kai shi dama, a bayan na sama yana kai shi ƙasa. Bayan faɗuwa da hanci wannan kusurwar takan canza ba a sani ba.

Masu jairo a ciki, wato na'urar da ke jin karkatar jirgi ta gyara da kanta, suna da ƙarin gwaji. Karkata jirgin dama da hannu: leɓen dama ya sauka don ya mayar da shi. In ya tashi, jairo na taya faɗuwa ne. Bar jirgin a ajiye ba motsi na 'yan daƙiƙu bayan jona batir. In yana kaɗa fukafukai da sauri a babban gudu, ƙarfin jairon ya yi yawa, rage.

Mataki na takwas: yanzu sai rimot

Ɗan siririn bakin eriyar risiba, kimanin milimita 31, shi ne eriyar, sauran waya ce kawai. In ya gutsure ko ya lanƙwashe, zango ya ragu. In biyu ne, ɗaya ta kalli gaba ɗaya ta kalli gefe ko sama, nesa da batir, moto da sandar kabon, domin duk suna tare siginal. Kada ka nuna jirgi da tsinin eriyar rimot kamar bindiga, ta gefenta ta fi ƙarfi.

Ba wani ya riƙe jirgin, ka yi nisa kana motsa sanduna, shi kuma yana juya shi ta kowace fuska, moto a kashe sannan a kunne. Spektrum yana da yanayin gwaji mai rage ƙarfi, ana yinsa a taku 30. A FS-i6 kalli adadin kuskuren da risiba ke aikowa, in yana hawa tun kana kusa, eriya ko risiba ta samu matsala. In fitilar risiba na ƙiftawa ba ta haɗu ba sam, sake ɗaura ta da rimot, wato ka sa su san juna: fulogin ɗauri a ramin B/VCC na risiba, ba ta wuta, danne maɓallin ɗauri ka kunna rimot, sannan ka cire fulogin.

Saita Failsafe, wato abin da risiba za ta yi da kanta: totur ya koma sifili in siginal ta yanke, leɓɓa su koma tsakiya. Gwada shi a ƙasa ta hanyar kashe rimot moto na juyawa kaɗan. In moton bai tsaya ba, ranar da siginal ta ɗauke da gaske jirgin zai kama hanya da totur a buɗe.

Tashin gwaji bayan gyara, zaɓi sassafe kafin iska ta tashi, a fili mai nisa da mutane, wayoyin lantarki, bariki da filin jirgin sama. Sake faɗin alkibla da baki, ɗaga shi a kan yatsu, ka ba wani ya jefa maka a miƙe yana fuskantar iska, don hannayenka biyu su kasance a kan sanduna. Hau sama kafin ka taɓa tirim. In ya juyo yana fuskantarka dama da hagu suka rikice maka, tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa. Yi minti uku ka sauko, ka taɓa ESC, ka girgiza ƙahonni, ka duba ko batir na nan inda ka ɗaure shi. In tirim ya tafi da nisa daga tsakiya, gyara tsawon waya ka mayar da shi sifili kafin batir na biyu.